Muryar Isuhu da Na Ƙara wa Gudu

Jiya na ji ɗayanku yana nuna tsohuwar rikodar nan da ke kan kanta, yana cewa wai sana'ar Baba Hamisu ai danna jan maɓalli ce kawai, mutum ya yi surutunsa ya tashi. Kuka kwashe da dariya, ku da aikinku bai wuce tura wa mutane waƙa a waya ba. To, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau bakina ya buɗe.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaukar wasiƙar kaset a nan Agege. Lokacin babu wayar hannu. Ɗan ci-rani ya baro ƙauyensu ya zo Legas, bai iya rubutu ba, tsohuwarsa ba ta iya karatu ba. In an rubuta masa takarda, sai wani ya karanta mata, shi ke nan sirrin gida ya zama na unguwa. Saboda haka sai ya zo shagona, ya zauna gaban makirufo ya yi magana, in ɗauka a kaset, in rubuta sunan gari a jiki, a ba direbobin goro ko na shanu masu komawa Arewa. Bayan mako uku ko wata guda amsa ta dawo ta hannunsu. Masu gadi, masu turin ruwa, masu yankan farce, 'yan dako daga Oshodi, masu raguna daga Alaba Rago, duk sun zauna a kan bencin nan nawa.

Wurin Oga Lawandi na koya, wani mutumin Gwarzo mai faɗan tsiya. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa jan maɓallin da kuke rainawa ba. Aikina goge kan rikoda da auduga da sifirit, da naɗe zaren kaset da biro in ya warware, da haɗa shi in ya tsinke. A yanka bakin zaren biyu da reza a karkace, a ɗiga jan farce kaɗan, a danne da ɗan yatsa. Ranar farko na haɗa wani zare a juye, muka kunna, sai ga mutum yana magana kamar an kifa masa tukunya a ka. Oga Lawandi ya sa na kwance na sake sau bakwai, yana tsaye a kaina yana kiran sunan kakannina. Shi ya ce mini abin da kunnena ya ji a shago, a shago zai mutu. Shi ya koya mini a fara ɗauka a kan kaset ɗin shago, wanda muke kira uwa, sannan a juye wa mai saƙo a nasa, kuma kada a goge uwa sai amsa ta dawo, don direba yana iya yar da saƙo a hanya. Amma karatun da ya fi nanatawa shi ne wannan: “Hamisu, kada ka bar murya ta tafi Arewa da datti.”

Datti kuwa yana da yawa a Legas. Ga hon ɗin motocin hayar nan danfo, ga janaretan maƙwabci, ga jirgin ƙasa da in ya taho sai shago ya ɗauki rawa. Da na buɗe nawa wurin, na kewaye wani lungu da tsohuwar katifa da kwalayen ƙwai, na koyi jin jirgi tun yana nesa, in ɗaga hannu in tsayar da mai magana a tsakiyar gaisuwa. Wannan duk mai sauƙi ne. Wahalar tana ga mutanen.

Akwai wani ƙaton mai gadi da ya taɓa zuwa, mutumin da ɓarayi ke tsoro, yana zama gaban makirufo sai ya jiƙe da gumi. Ya yi sallama sau goma, ya kasa wucewa. Daga kansa na samo dabara. Na rataye wani tsohon mayafi a ƙusa, na ce masa, “Manta da ni, kalli can, ga Innarka nan zaune.” Wallahi sai ga magana kamar an ɓalle famfo. Mayafin nan ya yi mini aiki shekara da shekaru. Kuma kowa da abin da yake faɗa: lafiya lau, kasuwa sai godiya, kada ku damu. Mutum bai karya ba tun safe, amma lafiya lau. In muryarsa ta yi rawa sai in mayar da zare baya in ce sake. In ya yi ajiyar zuciya in goge. In ya yi shiru in yanke. Har suna aka sa mini, Hamisu mai wankin murya, kuma ina jin daɗin sunan nan ƙwarai.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, gari ya cika da baƙi, kowa yana cewa yanzu za a samu. A cikinsu Isuhu ya zo. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Tasawa a Nijar, magidanci mai gemu, yana yawo da akwatin gilashi yana sayar da agogo a Oshodi. Kaset ɗinsa na farko bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Murya mai kauri, a natse, ya gaida tsohuwarsa, ya tambayi gero da awaki, ya yi wa matarsa saƙo a kunyace, ya rufe da addu'a. Uwar kaset ɗin nan ban goge ta ba har bayan amsa ta zo, don da ita nake gwada rikoda in na yi mata gyara. Duk wata biyu ko uku yakan zo, muka saba.

Wajen shekara biyu muna haka, sai gab da wata Babbar Sallah ya faɗo shagona da sabuwar shadda, agogo biyu a kowane hannu. Ko zama bai gama yi ba ya ce in kunna. Jama'a, ban taɓa ganin magana irin ta ranar ba. Zai sayi babbar mota, kamiyo kamar yadda suke cewa. Zai buɗe shagon agogo a Maraɗi, zai haƙa rijiya uku, zai kai ƙauyen Makka gaba ɗaya. Daga rijiya ya tsallaka farashin albasa, daga albasa ya koma waƙa. Kaset ya ƙare, na juya, ya ƙare, na sa wani. Huɗu ya cika. Jirgi ya zo ya wuce, na ɗaga hannu, ko kallona bai yi ba. Ya ce mini kwanansa shida bai runtsa ba kuma bai gaji ba. Na yi ta dariya, na ce wannan bawan Allah ya taki sa'a, arziki ne ke masa ƙaiƙayi. Da ƙyar na lallashe shi muka aika ɗaya, ukun suka zauna a kwali, bai sake tambayarsu ba.

Daga nan ya ɓace. Sai da damina ta yi nisa na ga mutum tsaye a ƙofa, sai da na duba sau biyu. Ya rame, rigar ta yi dauɗa, gemu ya cukurkuɗe. Ya zauna ya kalli mayafin, ya daɗe, sannan ya ce, “Inna.” Shiru. “Ina lahiya.” Shiru. Kalma ɗaya sai ka ce daga rijiya yake jawo ta. Da na mayar baya na saurara, na ce kai, batir ya yi sanyi. Kun san in batir ya yi sanyi haka murya ke ja. Na ɓare sababbi na sa, muka sake. Haka. Na kwance rikoda na canza robar da ke juya zare, na goge kai, muka sake. Haka dai. Na ɗauki tawa muryar don gwaji, ta fito tangaram.

Nan ya kamata in gane, amma ni mai kaset ne, kowace matsala a wurina ta zare ce. Na tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce a'a. An yi rasuwa? A'a. An kwashe maka kaya? A'a. Sai raina ya ɓaci. Na ce, “Haba Isuhu, ƙato da kai, ga lafiya ga sana'a, ka zauna kana shan ƙamshi kamar wanda aka yi wa gorin dangi? Ka gode wa Allah mana, ka tashi ka nema.” Ya ce, “To, Malam.” Ko ɗaga kai bai yi ba.

Da ya tafi na zauna da uwar kaset ɗin nan, na ce wannan ba za ta tafi Arewa haka ba. Ku ji aiki. A bayan ɗan injin da ke jan zare akwai wani ɗan rami, in ka zura siririn sukundireba ka murɗa, gudun zare ya ƙaru. Na haɗa rikoda biyu da waya, na murɗa wa mai kunnawa gudu, ɗayar tana ɗauka, ɗan yatsana a kan maɓallin tsayawa. Duk inda Isuhu ya yi shiru in danne, in ya buɗe baki in saki. Maganar da ta ci rabin sa'a ta koma minti shida, ta fito wasai, har da ɗan karsashi. Na saurara na ce Hamisu, ko Oga Lawandi bai kai nan ba. Sau uku na yi masa haka a cikin wata biyar. Lokacin kuma wayar hannu ta fara shigowa, 'yan mata sun kafa lema a bakin titi ana biya ana kira, ni kuwa ina ta cika baki cewa waya ba ta iya gyara murya, kaset ke iyawa.

Wata ranar Alhamis da hantsi direban da ke bi ta wajensu ya kawo kaset biyu a ƙulle cikin tsumma. Ya ce, “Wannan na Isuhu ne. Wannan kuma tsohuwa ta ce na mai kaset ne, hannu da hannu.” Ban taɓa samun saƙo daga uwar wani ba, na ce ƙila godiya ce, na ajiye sai na samu sarari. Ba a jima ba sai ga Isuhu. Ya yi wanka, ya yi aski, fuskarsa a sake. Na miƙa masa nasa, ya ce in ajiye, zai ji daga baya. Sai ya sauke akwatin agogonsa ya tura ƙarƙashin tebur ɗina, ya kwance na hannunsa ya ɗora a kai. Ya ce, “Malam Hamisu, na ba ka. Kuma in na taɓa ɓata maka rai ka yahe mini.” Na ce wace irin magana ce wannan, ya yi murmushi ya fita. Ni kuwa har na yaba wa kaina, na ce faɗan da na yi masa ne ya yi aiki.

Sai bayan Azahar na sa kaset ɗin tsohuwa. Wani ne ya ɗaukar mata da ƙaramar rikoda, ana jin kaji a bayanta. Har gobe ina iya kawo muku shi daga ka.

“Mai kaset, da kai nika. Ban san ka ba, ba ka san ni ba, ni na haihi Isuhu. Kaset ukun ga da ka aiko, maganar tashi ce, amma muryar ba tashi ba ce. Ɗana namiji ne mai gemu, ka aiko mini da muryar ɗan yaye. Kuma ina numfashinsa? Wane mutum ne ke magana ba ya jan numfashi? Mi kake ɓoye mini, ɗan nan? Tun kaset ɗin Sallah da ya yi ta zuba gabana ya faɗi, don na san abin ga. Ubansa haka ya yi. Wata shekara ya sai da gona ya ce zai sayi raƙuma ɗari, ba barci ba hutu. Shekara ta zagayo ya shige ɗaki, ba ci ba magana. Muka ce iskoki ne, muka yi na iskoki. Ranar da ya tashi ya yi wanka, ya ba ƙanensa garmarsa, ya bi gida gida yana neman gahwara, muka yi murna muka ce ya warke. Kwana biyu muka binne shi, kuma ba ciwo ne ya kashe shi ba. Don Allah, don darajar uwar da ta haihe ka, in ka ga Isuhu ya fara kyauta da kayan sana'arsa, kada ka bar shi shi kaɗai ko na tsawon raka'a biyu.”

Ƙafata tana taɓa akwatin. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, da kunya a kansa. Ranar ce kaɗai a rayuwata na bar shago a buɗe. Na tare okada, muka yi ɗakin da suke haya da mutanen garinsu, na tarar da kwaɗo, kowa ya tafi nema. Masallaci ba shi, wurin mai shayi ba shi. Wata mai gasa masara, Bayarabiya, ita ta ce ta ga mai agogo ya bi ta bayan kasuwa ba akwati. Na sauka na bi da ƙafa. Can nesa da mutane na hango shi zaune a kan dutse a gefen layin dogo, ya cire takalmansa ya jera su.

Ban yi masa wa'azi ba, don na ga inda wa'azina ya kai mu. Na zauna, na kama wuyan hannunsa na riƙe. Na ce, “Isuhu, na yi wa Innarka ƙarya da muryarka, ta kama ni.” Na gaya masa duk abin da na yi da sukundireba. Sannan na tambaye shi kai tsaye ko kansa yake shirin hallakawa. Ya ce, “Na gaji, Malam. Ni kaya ne a kan kowa. In ba ni, sun huta.” Na ce, “To ni ban huta ba. Tashi mu je gidana, in ka ƙi kuma nan za mu zauna tare, ni ba sakin hannun nan zan yi ba.” Na tsugunna na sa masa takalman da hannu ɗaya. Ya biyo ni.

Akwai wata da ke kawo mini waƙoƙin cocinsu ina juye mata, Sista Rifkatu, 'yar wajen Fankshin, ma'aikaciyar jinya a asibitin ƙwaƙwalwa. Da can har tsokanarta nake, in ce Sista ina mutanenki. A ranar, da La'asar, na bar Isuhu a hannun maƙwabtana biyu na je na same ta, ba tsokana. Ta saurare ni tsaf, ta ce, “Malam Hamisu, tambayar da ka yi masa daidai ce, ba ta sa mutum ya aikata, sauƙi take ba shi. Gobe da safe ku kawo shi. Kuma ka ce kana da muryarsa ta da da ta yanzu? Ka taho da su duka.”

Mutanen garinsu suka ce ba za a kai ɗan'uwansu gidan mahaukata ba, ai ba ya duka, ba ya tsince-tsince a bola. Sista ta zo da kanta ta tsaya a ƙofar ɗaki, da Hausarta ta mutanen Filato. Ta ce baƙin ciki kowa na yi, yana da dalili, kuma yana sakin mutum. Wannan kuwa ciwo ne, ciwon damuwa, da Turanci difireshan. Yakan kama mutum makonni da watanni, ko da dalili ko babu, ya hana shi barci ko ya kwantar da shi, ya ɗauke masa ɗanɗanon abinci da na duk abin da yake so, ya rage masa gudun magana da na tafiya, ya riƙa gaya masa cewa shi ba komai ba ne. Ta ce ba ragwanci ba ne, ba ƙarancin imani ba ne, tana da malamai da fastoci a cikin masu karɓar magani. Wani dattijo a cikinsu ya ce to addu'a fa? Ta ce, “Baba, ku yi ta yi, kada ku fasa. In ƙafarsa ce ta karye ai da addu'a da ɗori za ku haɗa.” Dattijon ya kalli sauran, ya ce shi zai raka mu.

Saura amana. Abin da aka faɗa a shago, a shago yake mutuwa, saboda haka sai da na tambayi Isuhu ko ya yarda likita ya ji, ya gyaɗa kai. Likitan wani Bayarabe ne mai furfura, ba ya jin Hausa, Sista ke fassara. Ya gama tambayoyinsa, Isuhu yana amsawa da ƙyar, sai aka ce in kunna. Ku zo ku ga Hamisu ya girka rikodarsa a kan tebur ɗin likita, da sababbin batura. Na sa na farko, mai natsuwa. Na sa uwar na damina, wadda ban taɓa ba. Likita yana gyaɗa kai. Da na sa ɗaya daga cikin ukun nan na Sallah, sai ya ajiye biro, ya ce in mayar baya. Sau biyu ya saurara. Ya tambaya ko na ƙara wa wannan gudu, na rantse ban taɓa shi ba. Ya tambayi kwana nawa Isuhu ya yi a haka, da maganar rashin barci, da labarin uban.

Sista ta juyo ta ce mini, “Ka san abin da kaset ɗinka ya yi? Masu wannan ciwo iri-iri ne. Wani saukar kawai yake yi. Wata bayan haihuwa yake kama ta. Wani kuma, kamar Isuhu, hawa yake yi sannan ya sauka, kuma yakan bi jini. Mai irin wannan ba ya zuwa asibiti lokacin hawa, don daɗi yake ji, sai ya faɗo. Da likita bai ji na Sallah ba, zai iya ba shi maganin masu sauka kawai, shi kuwa wannan maganin shi kaɗai yana iya cilla irinsu sama. Yanzu wani maganin daban zai ba shi.” Ni da ban yi boko ba, ga likita yana rubuta abin da rikodata ta faɗa. Na fito asibitin nan ina tafiya kamar na ci zaɓe.

Mako biyar ya yi a kwance. A na biyu na je na tarar ba wani canji, na tayar wa Sista da hankali, na ce maganin nan ko na jabu ne. Ta ce in kwantar da hankalina, wannan ba maganin ciwon kai ba ne da za a sha yanzu a ji yanzu, sai ya yi makonni. Ni kuma na ɗauki tawa muryar na aika wa tsohuwa, na gaya mata gaskiya, na roƙi gafararta. A mako na huɗu na kai masa tuwo ya cinye, ya ce miyar ta yi gishiri. Ban taɓa murna da an kushe girkin gidana ba sai ranar. Da aka sallame shi na mayar masa da akwatinsa, ya koma Oshodi, yana zuwa asibiti duk wata. Ba a ce ya rabu da abin ba. Akwai lokacin da ya ji garau ya daina shan magani, na gan shi da agogo biyu a hannu ɗaya yana maganar kamiyo, ban tsaya dariya ba, na sa shi gaba sai wurin Sista.

Ana cikin haka sana'ata ta mutu a tsaye. Shekarar ce mummunar shekara. Lema ta cika kowace kwana, mutanen Kano da Katsina da Zariya suka daina zuwa, wa zai jira wata guda alhali ga murya nan take. Sai in wuni ban kunna rikoda ba. Na sayar da biyu, na bar wannan. Ranar da na fara ɓamɓare kwalayen ƙwai daga bango, sai ga Isuhu. Tun fitowarsa asibiti kunya ta hana shi yi wa tsohuwa magana, ni nake aika mata labari, garinsu kuwa waya ba ta kai ba. Ya ce, “Malam, kada ka cire mayahin tukuna.”

Ya zauna, na danna jan maɓalli. Ya gaishe ta, ya ce, “Inna, ban da lahiya, amma ina samun sauƙi.” Ya gaya mata asibiti, da magani, da dutsen gefen layin dogo. Da ya zo kan ubansa sai murya ta karye, ya yi shiru. Ɗan yatsana ya tafi kan maɓallin tsayawa da kansa, aikin shekara goma sha ɗaya. Na janye hannun na zauna a kansa. Zare yana ta juyawa, ba abin da yake ɗauka sai numfashin Isuhu da kukansa. Danfo ya yi hon, na bar shi. Jirgi ya zo ya wuce, na bar shi. Ban juye ba, ban gyara ba, uwar kanta na ciro na rubuta sunan gari na ba direba. Ita ce wasiƙa ta ƙarshe da na ɗauka, kuma ita ce mafi datti.

Amsa ta zo bayan mako uku, muka saurara tare a shagon da ya zama kango. Tsohuwa ta yi wa ɗanta magana mai tsawo, wadda ba taku ba ce. A ƙarshe ta ce, “Mai kaset na kusa? Ka ce masa yanzu na ji ɗana.”

Isuhu yana nan da ransa a Tasawa, yana da jikoki, yana shan maganinsa, jiya ma ya turo mini saƙon murya. Ina lura da ku, in saƙo ya shigo sai ku danna ɗan abin nan da ke sa murya gudu, don ku gama da wuri. Abin da na sha wahala da sukundireba, ku an ba ku shi a banza. Kai mai jar hula, ɗazu na ji ka kunna na ƙaninka da ke makaranta, ka sa shi yana gudu, ka ce wai kwanan nan jan magana yake yi. Mayar da shi baya, ka sa shi yadda ya faɗa, ka saurara har wuraren da ya yi shiru. Ni zan kama bakina sai ka gama.